LADABI DA ADABI: TSOKACI A KAN KALMOMIN BIYAYYA A RUBUCE-RUBUCENMU

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata mun ba ɗalibanmu na ajin ƙarshe wani ɗan aikin gida da muka ɗauka mai sauƙi ne. Muka rubuta musu kalmomi huɗu a allo, wato biyayya da ɗa'a da ladabi da tarbiyya, muka ce kowa ya faɗi ma'anar kowace, sa'an nan ya nuna inda ta sha bamban da 'yan'uwanta. Da takardu suka dawo sai muka tarar kusan amsa ɗaya aka yi ta juyawa: bin umarnin na gaba ba tare da musu ba. Wata yarinya mai kaifin basira ma ba ta wahalar da kanta ba, ta haɗa su huɗun wuri guda ta rubuta a gabansu, "yi na yi, bari na bari." Da muka tambaye ta inda ta samo wannan, sai ta ce, "Malam, ai haka ake siffanta yarinyar kirki a littattafan da muke karantawa."

Amsar nan ta tsaya mana a rai, domin ta kama mu a matsayin marubuta kafin ta kama mu a matsayin malamai. Muka koma ga rubuce-rubucen da matasan membobin ƙungiyarmu kan kawo mana mu duba kafin su kai maɗaba'a, muka ga yarinyar ba ta yi mana ƙage ba. Tun a shafin farko za a gabatar da tauraruwar labari a ce "mai ladabi da biyayya da ɗa'a da tarbiyya", a jere kamar akwatunan lefe, ba tare da marubucin ya buɗe ko ɗaya ya ga abin da ke ciki ba. Kishiyarta kuwa "fanɗararriya ce, kangararriya, marar tarbiyya", shi ke nan an gama da ita.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin waɗannan kalmomi da danginsu na addini, mu ga inda suka fito da abin da suka ɗauko. Abin da muke son nunawa shi ne, kowace daga cikinsu ta zo da sharaɗinta a cikinta, kuma Bahaushe ya keɓe wasu kalmomi dabam domin yi wa makauniyar biyayya ba'a. Marubucin da ya cakuɗa su duka ya yi asarar kayan aikinsa, ya kuma koya wa mai karatu abin da harshen bai faɗa ba.

Biyayya

Mu fara da ta gida. Biyayya Hausa ce tsantsa, an gina ta daga aikatau "bi" aka liƙa masa ɗafin "-ayya". Mai karatu ya dubi sauran kalmomin da aka ƙera a wannan maƙera: so ya ba da soyayya, ƙi ya ba da ƙiyayya, ja ya ba da jayayya, sani ya ba da sanayya, aure ya ba da auratayya, ciniki ya ba da cinikayya. Masana nahawun Hausa sun lura cewa yawancin kalmomin da ke da wannan ɗafi suna nuna abin da ke gudana tsakanin ɓangarori biyu. Mutum ɗaya ba ya jayayya shi kaɗai, kuma idan ɗaya yana so ɗaya ba ya so, sunan abin "son maso wani", ba a kiransa soyayya. Gaskiya ne a bakin mutanen yau biyayya ta karkata gefe ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Amma ƙirarta tana nan tana tuna mana da cewa a gidan mu'amala aka haife ta, inda kowane ɓangare ke da abin da ya hau kansa.

Karin maganarmu ma haka suka raba nauyin. Bahaushen da ya ce "bin na gaba bin Allah" shi ne kuma ya ce "na gaba idon na baya", wato idan na gaba ya rufe idonsa, su biyun ne za su afka rami. Shi ne ya ce "babba juji ne", ma'ana girma ya zo da haƙurin ɗaukar sharar na ƙasa. Marubutanmu sun haddace karin maganar farko, suna sa ta a bakin kowane uba da kowace kaka, amma da wuya ka ji wani a cikin labari ya tuna wa babba sauran biyun, ko da kuwa tsaransa ne.

Ɗa'a, Ladabi da Tarbiyya

Waɗannan ukun baƙi ne da suka zama 'yan gari, daga Larabci muka aro su. Ɗa'a ta bi hanyar da ɗalibi da ɗabi'a da ɗawafi da ɗariƙa suka bi, inda harafin Larabci mai kauri ya koma "ɗ" a bakinmu. A Larabci ma'anarta bin umarni, amma saiwar da ta tsiro daga gare ta tana nufin yin abu da yardar rai, kuma kishiyarta ita ce tilas. Daga wannan saiwa aka sami "taɗawwu'i", wato ibadar da mutum ya ƙara don ganin damarsa kamar nafila, aka kuma sami "istiɗa'a", wato iko ko hali, irin wanda ake sharɗantawa kafin aikin Hajji ya wajaba. Ke nan bin umarni da yardar rai da iyawa duk 'yan ɗaki ɗaya ne. A Hausa kalmar ta ƙara faɗi ta haɗa da kyakkyawan hali da kamun kai. Waɗanda suka yi wayo a shekarar 1984 za su tuna da shirin gwamnatin soja na wancan lokaci wanda aka fassara mana da "Yaƙi da Rashin Ɗa'a", lokacin da bulala ta koya wa mutane bin layi a tashar mota. An sami layi, babu musu. Amma da bulalar ta kau sai layin ya watse, domin abin da aka samu da tilas bai cika sharaɗin kalmar ba tun farko.

Ladabi kuwa ita ce ta fi shafarmu mu marubuta. Asalinta "al-adab". Hausawan dauri da suka ari kalmomin Larabci da ka, sun riƙa haɗiye su tare da "al" ɗinsu, shi ya sa muke da littafi daga "al-kitab", da liman daga "al-imam", da lahira daga "al-akhira", da laifi daga "al-aib". Haka "al-adab" ta zama ladabi. Daga baya, da masana suka buƙaci sunan da za su kira waƙa da zube da wasan kwaikwayo a dunƙule, sai suka koma wa kalmar nan dai suka sake aro ta ba tare da "al" ba, aka sami adabi. Ashe ladabi da adabi kalma ɗaya ce da ta shigo garinmu sau biyu ta ƙofa biyu. A wajen Larabawa "adab" ta ƙunshi gogewar harshe da sanin abin da ya dace a faɗa a inda ya dace da yadda ya dace. Saboda haka ladabi ilmi ne na iya mu'amala, kuma mai ladabi yana iya cewa a'a. Abin da ladabi ya hana shi ne ya faɗe ta da tsawa ko da murguɗa baki. Abin takaici, a makarantunmu abin da ya rage mana na kalmar shi ne "ladabtarwa", wadda yaro ke ji ya fara shafa bayansa.

Tarbiyya ta fito daga saiwar da ke nufin girma da ƙaruwa, wato reno har abu ya kai munzalinsa. Aiki ne na mai reno. Idan aka ce yarinya ba ta da tarbiyya, a bisa ƙa'idar kalmar iyaye da malamai aka tuhuma, amma a littattafanmu yarinyar ake jifa da ita, masu renon kuma su ne ke jifan.

A nan ya kamata mu tuna da laccar da Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka, aka buga ta a 1974 da sunan Mutumin Kirkii. Ya tattaro halaye goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu ya sake bin jerin nan a hankali. Ladabi yana ciki, hankali yana ciki, amma biyayya ba ta sami kujera ta kanta ba. Ba mu ce jerin Bature wahayi ne ba, sai dai duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dattijon da ake kira mutumin kirki a unguwa shi ne wanda zai iya faɗa wa mai unguwa gaskiya a gaban jama'a ba tare da ya ci mutuncinsa ba.

Al'ada da Sahu

Idan biyayya ta shafi bin mutum, al'ada ta shafi bin jama'a. Ita ma Balarabiya ce, "al-ada", daga saiwar da ke nufin komowa, saiwar da ta ba mu Idi, ranar da ke dawowa kowace shekara. Al'ada ke nan abin da aka yi aka sake yi har aka saba. Babu hukuncin kyau ko muni a cikin kalmar, shi ya sa ake cewa kyakkyawar al'ada da mummunar al'ada. Takwararta ta gida ita ce gargajiya, wadda ake danganta ta da gado da magaji. Wanda ya ci gado kuwa yakan zauna ya tantance, ya san gona ya san bashi. Idan wani tauraro a labari ya kafa hujja da "al'adarmu ce", abin da ya faɗa kawai shi ne an daɗe ana yi, kuma aikin marubuci ne ya nuna mana ko daɗewar ta isa hujja a wannan wuri.

Akwai kuma "sahu", wadda kalmomi biyu ne suka haɗu a lafazi ɗaya. Akwai sawu ko sau na ƙafa, na gida, wanda ke cikin "bin sahu", wato taka inda wani ya taka. Akwai kuma sahun salla, daga "saff" ta Larabci, wato jeri. A bin sahu akwai na gaba da na baya. A sahun salla kuwa kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, attajiri kusa da ɗan dako, kuma idan liman ya yi mantuwa na bayansa ne ke tunatar da shi. Wannan sahu na biyu shi gwamnatin Kano ta ara a 2004 ta raɗa wa shirinta na gyaran halayen jama'a suna A Daidaita Sahu, sunan da ya bi baburan nan masu ƙafa uku har ya zama nasu. Marubuta ba za su manta ba cewa a 2007, a zamanin wannan shiri, an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano bisa zargin suna gurɓata tarbiyya. Mun kawo wannan ne domin matasanmu su san cewa kalmomin da muke magana a kansu ba wasan aji ba ne. Da su ake yanke wa littafi hukunci, kuma marubucin da bai san nauyinsu ba ba zai iya kare kansa ba ranar da aka juyo da su kansa.

Sunna, Bidi'a da Taƙlidi

Mu shiga fagen addini da taka-tsantsan, domin mu ɗaliban harshe ne, fatawa tana da masu ita. "Sunna" a asalin lugga tana nufin hanyar da aka bi har ta fito sarari, kafin malamai su keɓe ta ga tafarkin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. "Bidi'a" kuwa daga saiwar da ke nufin ƙago abu ba tare da wani samfuri ya gabace shi ba. Wani abin lura ga marubuci shi ne, daga wannan saiwa aka sami "badi'i", ɗaya daga rassa uku na ilmin balaga, wanda ke koyar da adon magana, kuma daga gare ta Larabawan yau suka sami kalmar da suke kiran fasahar ƙirƙira. Saboda haka a ma'anar lugga zalla duk mai ƙaga labari yana zaune a kusa da wannan saiwa, ko da yake a ma'anar shari'a maganar ta keɓanta ga abin da aka ƙaga a cikin addini.

Ko a can ɗin ma malamai ba su taru a kan ma'auni ɗaya ba. Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bi ra'ayin kasa bidi'a kashi biyar gwargwadon hukunce-hukuncen shari'a, tun daga wajibi har zuwa haram. Ash-Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi raddin wannan rabo a littafinsa Al-I'tisam. Dukansu biyu malaman Malikiyya ne. A ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya wallafa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a tun kafin jihadin 1804, kuma kalmomin nan biyu su ne a cikin sunan ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978. A gefe guda kuma, Bahaushen kan titi ya ɗauki bidi'a ya ba ta wata ma'ana ta daban, wato kiɗe-kiɗe da shagalin biki, har ka ji an ce an yi bikin wance ba a yi wata bidi'a ba. Kalma ɗaya ke nan mai fuska uku: ta lugga, ta malamai da ta 'yan biki. Idan marubuci ya sa ta a bakin tauraro, wajibi ne ya san wace fuska wannan mutumin zai nufa. Tsohuwa mai shirya kamu da matashin da ya dawo daga wa'azi ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma a cikin wannan saɓani akwai labari sukutum da ba mu rubuta ba tukuna.

Kalmar da malamai suka tanada domin bin wani ba tare da sanin hujjarsa ba ita ce "taƙlidi". Ta fito daga "ƙilada", abin da ake ratayawa a wuya, kamar sarƙa ko igiyar da ake sa wa dabba. Hoton a fili yake: mai taƙlidi ya rataya al'amarinsa a wuyan wani. Malamai sun yi sassauci ga wanda ba shi da ilmin da zai binciki hujja da kansa, amma ba su ɗauki wannan matsayi abin alfahari ba, sun kuma bambanta shi da bin mutum bayan an san dalilinsa. Haka nan sananniyar ƙa'ida ce a wurinsu cewa biyayya ga kowane mahaluki tana ƙarewa a inda saɓon Mahalicci ya fara. Ashe addinin da marubutanmu ke jingina "yi na yi, bari na bari" gare shi ya riga ya kafa wa biyayya iyaka.

Sunayen Wanda Ya Ƙi da na Wanda Ya Bi

Kalmomin da muke kiran wanda ya ƙi bi yawancinsu na gida ne, kuma hotuna ne. Bauɗewa da fanɗarewa hoton hanya ne, mutum ya kauce daga turba. Kangarewa hoton abu ne da ya sandare ya ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa take tafiya da karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bijirewa juya baya ne. Kowace tana ɗauke da zaton cewa hanyar da aka bari ita ce daidai. Idan hanyar ce ta karkace, wanda ya bar ta bai fanɗare ba, kuma marubucin da ya kira shi fanɗararre ya yanke hukunci kafin a saurari shari'a.

Sunan Maguzawa ma darasi ne. Masana sun tafi a kan cewa daga "majus" ta Larabci ya fito, sunan mabiya tsohon addinin Farisa, waɗanda shari'a ta yarda su zauna a ƙarƙashin Musulmi bisa biyan jiziya. Ke nan sunan ya ba Hausawan da ba su musulunta ba matsayin da za a zauna da su lafiya. Amma labarin baka ya ce wai wani Bama ne ya guje wa salla, aka sami Bamaguje. Labarin yana da daɗi, sai dai kunne ne ya ƙaga shi. Irin wannan ne ya faru da "boko", wadda aka daɗe ana cewa daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko yaudara. Wannan gargaɗi ne gare mu duka: a nemi asalin kalma a ƙamus, irin na Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006, kada a dogara da kamannin sauti. Kuma asali ba ya soke ma'anar yau, yana dai haska ta.

To, wanda ya bi fa? A nan ne Bahaushe ya nuna gwanintarsa ta zambo. Wanda ya shiga ayari ba tare da ya san inda aka dosa ba, "ɗan bi Yarima a sha kiɗa" ne, kiɗan ma ba don shi ake yi ba. Wanda ba shi da ta cewa sai maimaita abin da babba ya faɗa, "ɗan amshin Shata" ne, daga 'yan amshin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko da yake su bayin Allah sana'arsu suke yi, kuma sun iya ta. Wanda ya bi a fili ya ƙi a ɓoye munafuki ne, kalmar da malaman lugga suka danganta da ramin wani ɓeran hamada mai ƙofa biyu, ya shiga ta nan ya fice ta can. Wanda ya yi don a gani kuwa ya yi riya, daga aikatau "gani" na Larabci, abin da muke kira ganin ido. Al'ummar da ta tara irin waɗannan sunaye ba za a ce tana girmama kowace irin biyayya ba.

A Cikin Littattafanmu

Matsalar biyayya a aure ba yau ta shiga adabinmu ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, ya ginu ne a kan yadda dukiyar Malam Shehu ta raba Zainab da Abubakar, da yadda ramuwar ta faɗa kan yaron da bai ji ba bai gani ba. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya ta faɗa rijiya da aka matsa mata ta bar Muhammad ta auri mai kuɗi. An zargi littafin da koya wa yara tawaye, amma a ganinmu abin da ya nuna ya fi haka ban tsoro: yarinyar da aka koya wa cewa hanya biyu ce kawai, ko ta bi ko ta fanɗare, idan ta kasa ta farko tana kuma tsoron ta biyu, rijiya ce ta rage mata.

Wadda ta fi kowa rarrabe kalmomin nan a aikace, a iya karatunmu, ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Ta ƙi zaman, ta gudu, ta nemi ilmi har ta zama mai amfani ga danginta. Abu ta ƙi biyayya, amma mai karatu ba ya rufe littafin yana kiranta fanɗararriya, domin marubuciyar ta nuna mana cewa hanyar ce ta karkace. A Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, Rabi ta yi wa Alhaji Abdu biyayya shekara da shekaru, ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci, sa'an nan da duniya ta juya masa baya aka taru aka matsa mata ta koma. Marubuciyar ba ta yi mana wa'azi ba, ta bar mu da ɗacin abin a baki, muna tambayar kanmu ina rabin biyayyar da ya hau kan Alhaji.

Yanzu a gwada wannan da abin da ke zuwa teburinmu daga masu tasowa. Salo biyu ne suka fi yawa. A na farko, an tilasta wa yarinya aure, ta yi haƙuri, sai ga shi mijin ashe kyakkyawa ne mai dukiya mai tausayi, aka zauna lafiya. A na biyu, ta ƙi, sai marubucin ya aiko mata da haɗarin mota ko muguwar cuta a babi na ƙarshe. Duka biyun marubucin ya shiga labarin da sandarsa ya yi wa kalma aikin da ta kasa yi wa kanta. Bai nuna mana biyayya tana da kyau ba, ya dai biya mai yin ta lada daga aljihunsa. Ɗalibanmu mata da ke karanta waɗannan littattafai suna da yayye da ƙawaye da suka yi haƙurin ba su ga attajirin ba, saboda haka ko dai su daina yarda da littafi, ko su ɗauka laifin yayyensu ne. Kowanne aka samu, an yi asara.

Kammalawa

Ba kira muke yi ga marubuta su zuga yara su raina iyayensu ba, Allah ya kiyaye. Mu ma iyaye ne, kuma mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Roƙonmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, shi ne kafin ka rubuta ɗaya daga kalmomin nan ka tsaya ka tambayi kanka wadda kake nufi. Idan tauraruwarka ta yi shiru don tsoro, kada ka kira shi ɗa'a. Idan ta faɗa wa mahaifinta gaskiya a durƙushe da tattausar murya, kada ka hana ta sunan mai ladabi. Idan ka sa uba ya nemi biyayya, ka nuna mana abin da shi ya bayar. Ka kuma ba mu dattijai irin waɗanda muka sani a zaurukanmu, masu iya kiran ɗan'uwansu gefe su ce masa, "Malam, wannan ba daidai ba ne."

Mun mayar wa ɗalibanmu takardunsu, muka yi darasi guda a kan abin da ke cikin wannan takarda. Da muka zo kan ladabi da adabi, yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, ke nan marubucin da bai san ma'anar ladabi ba, adabin nasa fa?" Ba mu ba ta amsa ba, mun ce za mu kawo tambayar gaban masu ita. Ga ta nan mun kawo, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ke da gyara ko ƙari. Allah ya sa mu dace, amin.